Safar hannu ta lateks tana tare beta kuwa?

Tambayar daga wata ɗaliba ce mai digiri na biyu a bayokemistiri. Za ta fara aiki da P-32, wato fosfaras mai fitar da radiyeshin ɗin da ake kira beta, wajen yi wa DNA alama, sai wani a lab ɗinsu ya ce mata ai beta ba wani ƙarfi gare ta ba, safar hannu ta lateks ma ta isa ta tare ta, in kuma tana jin tsoro ta ninka biyu shikenan. Tana so ta san ko haka ne, kuma kashi nawa safar ke ragewa.

To ƙanwata, in dai P-32 ne, wanda ya gaya miki haka bai gaya miki daidai ba. Safa ɗaya ta lateks abin da za ta rage miki daga betar P-32 bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba, in kin ninka biyu ki ce kusan kashi 20, sauran duk yana shiga fatarki kamar ba ki sa komai ba. Amma fa kar ki ji haka ki ce to me amfaninta, safar dole ce kuma biyun ma nake so ki sa, illa dai aikin da take yi miki daban ne da wanda aka ce miki tana yi.

Matsalar tana farawa ne daga cewa "beta" kamar abu ɗaya ne. Beta elektiron ce da ke fitowa daga cikin ƙwayar zarra da gudu, kuma kowane sinadari da irin ƙarfin da yake harbo tasa, tazarar kuma ba kaɗan ba ce. Tiritiyam, wato H-3, iyakar ƙarfin betarsa 18.6 keV ne (keV ma'aunin ƙarfin beta ne, dubu ɗinsa shi ne MeV ɗaya), a cikin ruwa ko nama ba ta wuce kamar maikuromita 6, a iska ma ƴan milimita ne ta tsaya. C-14, wato kabon, nasa 156 keV, S-35, wato salfa, kuma 167 keV, waɗannan biyun kusan sa'annin juna ne, a ruwa suna tafiyar wajen 0.3 mm, a iska kamar santimita 25. P-33 ya ɗan ɗara su, 249 keV, wajen 0.6 mm. Sai ki zo kan naki, P-32, wanda ke kaiwa 1.71 MeV, sama da ninki goma na C-14, betarsa tana iya ratsa kusan 8 mm na ruwa ko nama, a iska kuwa ta yi wajen mita 6. Y-90 da ake amfani da shi a asibiti wajen magani ya fi shi ma, 2.28 MeV, kusan 11 mm.

Yanzu ɗauko safar ki duba. Irin wadda ake sayowa a kwali ɗari-ɗari kaurinta wajen 0.1 mm ne, ta tiyata ta ɗan fi kauri, ta kai wajen 0.2 mm, kuma in kin sa ta ta miƙe a kan yatsa sai ta ƙara siranta. Lateks nauyinsa kusan ɗaya da na ruwa ne, ya ɗan gaza kaɗan, saboda haka kai tsaye za ki iya gwada 0.1 mm ɗin nan da waɗancan alƙaluman. Abin da ke tafiyar 8 mm, me 0.1 mm zai yi masa? A lissafin da muke yi, sai kin jera safa bakwai zuwa takwas a kan juna kafin ki rage betar P-32 da rabi kawai, kinga kuwa babu mai riƙe fifet da safa takwas.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ki sani game da fata don lissafin ya zauna miki. Saman fatar mutum matacce ne, ƙwayoyin da ke rayuwa suna rarrabuwa suna can ƙasa da shi, kuma a ƙa'idar kariya daga radiyeshin an ɗauki zurfinsu a 0.07 mm, shi ya sa in kin duba takardar sakamakon dosimita, na'urar da ke auna yawan radiyeshin da jiki ya sha, za ki ga an rubuta Hp(0.07), dos ɗin fata kenan. Sai beta ta kai wajen 70 keV kafin ta iya ratsa wannan mataccen saman. To tiritiyam ko kusa bai kai ba, wato ko babu safa betarsa ba ta isa inda za ta yi ɓarna daga waje. C-14 da S-35 wani ɓangare na betarsu yana isa, kuma a nan ne maganar mutumin lab ɗinku take da gaskiya, safa ɗaya tana cinye mafi yawan betarsu, sama da kashi uku cikin huɗu, in biyu ce abin da ke wucewa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Ina zaton a kan S-35 ko C-14 ya koyi maganar sai ya yi mata kuɗin goro. Na tsakiya irin su I-131, wato ayodin, mai beta 606 keV, safar tana rage wajen kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku na betar, amma shi yana da gama, wani radiyeshin mai kama da eksre, mai 364 keV a tare da shi wadda ba ta ma san an sa safa ba. Abin haushin dai shi ne inda safar ke tarewa sosai dama can haɗarin daga waje kaɗan ne, inda ake neman ta tare kuma nan ne ba ta iyawa.

Kar ma ki yarda da ni, ki gwada da kanki ranar da kayanku suka iso, minti biyar ya isa. Ki ɗauki Gaiga kauntar lab ɗinku mai faffadan baki, wato mitar da ke ƙara in ta ji radiyeshin, ki ajiye ɗan samfur na P-32 a wuri ɗaya kar ki motsa shi, ki karanta abin da mita ta nuna, sannan ki shimfiɗa yanki ɗaya na safa tsakaninsu ki sake karantawa. Allurar da ƙyar za ki ga ta sauka, ƙarar ma kunnenki ba zai bambance ba. In akwai C-14 a lab ɗin ki maimaita da shi, nan take ƙarar za ta kusa ɗaukewa. Wannan ma ya tuna min wani abu da ake yawan yi, a naɗe bakin Gaiga da leda ko Parafilm wai don kar ya ɓaci, to da P-32 babu laifi sosai, amma mai aiki da S-35 ko C-14 in ya yi haka ya makantar da mitarsa ne, zai duba benci ya ga tsaf alhali akwai abu a wurin.

To me safar take yi? Abu biyu ne ake haɗawa a rikice: radiyeshin da ke fitowa daga sinadarin, da shi kansa sinadarin in ya taɓa jikinki ya zauna. Kamar garwashi ne, in kin sa leda a hannu kin ɗauka toka ba za ta taɓa ki ba amma zafin babu abin da ya hana shi. Safa maganin tokar ce. Kuma bari in nuna miki da lissafi dalilin da ya sa wannan aikin nata ya fi wancan da ake jingina mata muhimmanci nesa ba kusa ba.

Kwalbar ATP mai P-32 da kamfanoni ke sayarwa yawanci tana zuwa da ƙarfin 370 MBq a kowace mililita, wato 10 mCi/mL a tsohon ma'auni (Bq ma'aunin yawan radiyeshin da abu ke fitarwa ne, MBq ɗaya kBq dubu ne). Maikurolita ɗaya tak daga ciki, ɗigon da in ya fantsamo daga bakin fifet ko murfin tub ba lalle ki gan shi ba, yana ɗauke da 370 kBq. P-32 in ya zauna a fata yana ba da kusan 2 mSv, ma'aunin dos kenan, a awa kan kowane kBq ɗaya da ya bazu a santimita murabba'i ɗaya. Ki ninka, kin samu wajen 700 mSv a awa guda. Iyakar da hukumomin duniya masu kula da radiyeshin, ICRP da IAEA, suka sa wa fata da hannun ma'aikaci, wadda hukumomin ƙasashe irin NNRA a Najeriya ke aiki da ita, 500 mSv ce a shekara ɗungurungum, ana auna ta a kan santimita murabba'i ɗaya da ya fi shan dos. Kenan ɗigon nan zai cinye miki kason shekara kafin minti 45. In a kan safa ya sauka, lissafin ya ragu da kashi goma, ya koma sama da 600 mSv a awa, har yanzu cikin awa ɗaya kin haura iyaka. Bambancin kawai shi ne safa ana tuɓe ta. In kin duba hannunki da mita kin ji ta yi ihu kin cire safar cikin minti ɗaya, abin da kika sha wajen 10 mSv ne a wuri ɗaya, an wuce wurin. In kuwa a fata tsirara ya sauka sai wanki, kuma wanki ba ya fitar da shi duka, wani yana maƙalewa a gefen farce da tsagar fata, shi kuma P-32 sai ya yi kwana 14.3 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, yana nan yana aiki dare da rana, ga shi da hannun za ki ci abinci, in ya shiga ciki kuma ƙashi yake nufa.

Shi ya sa ni a wurina safa da Gaiga abu ɗaya ne, mai sa safa ba ya duba hannu da mita rabin aiki ya yi. Na sha ganin mutum ya sa safa tun safe, yana ganin ai a kare yake, ya yi awa biyu uku da ita yana ta aiki bai duba ba ko sau ɗaya, ya taɓa mariƙin firij, ya taɓa biro, ya gyara tabarau, waya ta yi ƙara ya zaro daga aljihu. Irin wannan safar ta zama ita ce ke riƙe masa P-32 a manne da yatsa, kuma ita ke raba shi ga duk wanda ya shigo ɗakin. Ki kunna mitar ki ajiye ta a gefenki da ƙararta a buɗe, ba a bayan garkuwar robar da ke tare beta kusa da kwalbar ba inda za ta yi ta kuka ba dalili, duk lokacin da kika buɗe kwalba ko kika gama wani mataki ki kai yatsunki gabanta ki juya su a hankali ba tare da kin taɓa bakin ba. Amfanin ninka biyu kuma shi ne ki yar da ta sama nan take ki ci gaba da ta ƙasa ba tare da fatarki ta fito fili a tsakiyar aiki ba, sannan in ɗaya tana da ƙaramar huda, don a kowane kwali ana iya samun mai huda daga kamfani, da wuya hudar ta biyu ta faɗo daidai wuri ɗaya. Wajen cirewa ki kamo ta daga waje wurin wuyan hannu ki juyo cikinta waje, ta biyun ki zura yatsa ta ciki, ki jefa a kwandon sharar radiyeshin ba na takarda ba. Ki lura da ratar da ke tsakanin bakin safa da hannun farar riga, fatar wurin siririya ce ba kamar tafin hannu ba, kuma in kin miƙa hannu ta gefen garkuwa wurin ne ke buɗewa, ki ja safar ta hau kan hannun rigar.

Abin da ke tare betar P-32 da gaske roba ce mai kauri, Perspex ko Plexiglas mai kaurin santimita ɗaya, shi ke tsayar da ita gaba ɗaya kuma kina ganin aikinki ta cikinsa. Ki samu allon da za ki tsaya a bayansa, da bulo na Perspex mai ramuka da ake zura tub a ciki, da akwatin shara shi ma na Perspex. Kar wani ya kawo miki dalma ya ce ai ta fi, beta mai ƙarfi in ta daki ƙarfe mai nauyi irin dalma ta tsaya farat ɗaya wani ɓangare na ƙarfinta yana komawa eksre, a dalma wajen kashi 5 cikin 100 ne a roba kuwa bai kai kashi ɗaya ba, sai ki ga kin tare beta kin ƙirƙiro abin da ya fi ta ratsa jiki. In kayan suna da yawa har ana buƙatar dalma, roba ce a ciki dalma a bayanta. Safar dalma irin ta ɗakin eksre ma ba taki ba ce, nauyi gare ta, hannu ba ya sarrafuwa, aikin minti ɗaya ya koma uku kuma a nan ake zubar da abu.

Sai nisa, wanda shi ne mafi araha kuma shi aka fi rainawa. Ƙaramin tub in kin matsar da yatsunki daga santimita 1 zuwa santimita 10 dos ɗin ya ragu kusan sau ɗari, ki gwada wannan da kashi goma na safa. Bangon tub ɗin Eppendorf bai wuce wajen milimita ɗaya ba, ya isa ya tare S-35 da C-14 kaf, amma P-32 kusan rabinsa fitowa yake, saboda haka kar ki riƙe tub ta gindi inda ruwan yake, ki kama shi da hantsaki ko ki bar shi cikin bulonsa ki buɗe murfin da abin buɗewa. Kar kuma ki leƙa bakin kwalba a buɗe ta sama, nan babu bango babu komai sai iska, idonki ne a saiti, iyakar dos na ƙwayar ido kuma tun 2011 ICRP ta sauko da ita zuwa 20 mSv a shekara, tabaran roba na lab yana taimakawa sosai a nan. Kafin ranar aiki ki yi gwajin komai da ruwa mai kala, tun daga buɗe kwalba har zubar da shara, sai hannunki ya saba, don rage lokaci da rabi rage dos ne da rabi, in kin ga kalar a safarki ko a benci kin san inda P-32 zai je.

Wata maganar kuma ita ce shi kansa lateks ɗin, ko a aikin nasa na hana sinadari taɓa fata ba kowane abu yake hanawa ba. Radiyeshin ɗin yana cikin wani ruwa ne, kuma ruwan ne ke yanke hukuncin ko zai ratsa. Kulorofom da kuke amfani da shi da finol wajen tsarkake DNA yana ratsa lateks cikin ɗan lokaci, toluwin da zailin da ke cikin tsofaffin ruwan sintileshin, ruwan da ake zuba samfur a ciki don ƙirga radiyeshin, su ma haka, in sun ratsa kuma da abin da ke narke a cikinsu suke shiga. Masu aikin kemistiri ba sa manta Karen Wetterhahn, farfesa a Kwalejin Dartmouth a Amurka, wadda ɗigo kaɗan na daimetilmakuri ya zuba a kan safarta ta lateks a watan Agustan 1996, ya ratsa cikin daƙiƙoƙi, ta rasu a watan Yunin 1997. Wannan ba radiyeshin ba ne amma darasin ratsawar ɗaya ne. Safar naitiril, wata irin roba ce daban, ta fi lateks jure yawancin sinadarai da huda, kuma ba ta kawo ƙaiƙayi da borin jinin da lateks ke sa wa wasu, shi ya sa lab da yawa suka koma kanta, sai dai ta fuskar tare beta duk kanwar ja ce, kauri ɗaya sakamako ɗaya, kuma ita ma kulorofom yana cin ta. Ga kuma zafi, lateks ɗin da ya daɗe a sito mai zafi ko kusa da taga yana yin danƙo ko ya bushe ya riƙa tsagewa, in kin ja safa kin ga ta yi fari-fari ko tana manne wa juna ki yar da kwalin.

Tiritiyam da na ce betarsa ba ta ratsa komai, shi ne kuma ya fi iya ratsa safa da kansa in yana cikin ruwa, don ruwan tiritiyam ruwa ne kamar kowane, yana bi ta roba a hankali ya bi ta fata ya gauraya da ruwan jiki, sai wajen kwana goma kafin rabinsa ya fita. Gaiga kuma ba ta jin sa sam, sai an shafa takarda a wurin an kai na'urar sintileshin. Masu aiki da shi canza safa suke yi a kai a kai, kamar duk minti ashirin zuwa talatin, ko sun ga abu ko ba su gani ba. Ayodin da ba a ɗaure shi da wani sinadari ba shi ma yana ratsa safa kuma yana tashi a iska ya tafi maƙoshi, shi da S-35 mai metayonin a cikin fiyum hud, akwatin aiki mai zuƙe iska waje, ake buɗe su. Na kawo su ne don in wata rana aka canza miki sinadari kar ki ɗauki dokar P-32 ki ɗora musu.

Ki nemi jami'in kula da radiyeshin na wurinku ya ba ki zoben dosimita kafin ki fara, bajen da ake maƙalawa a ƙirji ba ya ganin abin da yatsa ke sha, musamman in kina bayan Perspex ƙirjinki a kare hannunki a waje. Zoben a ƙarƙashin safa ake sa shi, don ya auna abin da ya iso fata kuma kar ya ɓaci, fuskarsa tana kallon tafin hannu. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Turai mai suna ORAMED, tsakanin 2008 da 2011, ya gano cewa wurin da ya fi shan dos yawanci kan manuniya ne na hannun da ba shi mutum ya fi amfani da shi ba, don shi ke riƙe kwalba ko allura yayin da ɗayan ke aiki daga nesa, kuma zoben da ke gindin yatsa yana nuna ƙasa da abin da kan yatsan ya sha da wajen ninki shida. To in ke ba bahaguwa ba ce, a manuniyar hagu za ki sa, kuma in sakamako ya fito ki riƙa tuna cewa na kan yatsa ya fi abin da ke rubuce.

In kuma duk da haka abu ya taɓa fatarki, ki cire safar, ki wanke da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mai laushi, ba ruwan zafi ba kuma ban da dirza da soso ko burushi mai ƙarfi, don in fata ta yi ja ko ta ƙuje kin buɗe masa hanyar shiga ne. Ki wanke, ki shanya, ki duba da mita, ki sake, ki rubuta lokacin da abin ya faru da abin da mita ta nuna a farko da bayan kowane wanki, da waɗannan lambobin ne jami'in zai lissafa dos ɗin fatarki, kuma ki kira shi tun kina bakin famfo ba sai washegari ba.